Hanyar Gwanja: Abin da Fatake Suka Biya Kafin Goro Ya Iso Kano

Ga abin da muka tattauna a filinmu na tarihin maƙwabta, mun sa shi a takarda saboda wanda ranar kasuwa ta hana shi saurare, ko batir ya ƙare masa yana daji da dabbobi.

Akwai wata magana da ba ta ƙarewa a bakin iyaka. Duk inda motoci suka yi layi ana jiran duwan ko kwastan, sai ka ji wani ya ce: "Ai da can babu wannan wahala. Kakanninmu tun daga Kano har Gwanja suke tafiya, ba mai tambayarsu takarda." To, rabin maganar gaskiya ce, takarda kam babu. Amma wanda ya ce ba a tare su ba, ba a karɓi kuɗinsu ba, wannan bai san hanyar Gwanja ba. Ita ce za mu bi yau, zango zango, mu ga me bafatake ya biya, wa ya karɓa, kuma me ya yi ranar da aka toshe masa hanya.

Gwanja ƙasa ce a arewacin Gana ta yau, babbar kasuwarta kuwa Salaga. Daga Kano zuwa can ya fi kilomita 1,000 ko da a miƙe ne, balle a bi kwane-kwanen hanya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, goro ba ya fita a Gwanja. Itacen goro ɗan kurmi ne, inuwa yake so da ruwa, can kudu a ƙasar Asante, mutanen da Hausawa ke kira Tonawa. Tonawa sun ci Gwanja da yaƙi tun ƙarni na 18, kuma sarakunansu na Kumasi ba su so baƙon ɗan kasuwa ya kutsa kurmi ya saya daga tushe. Su ne za su ɗauko goron a ka su kawo Salaga, bafatake ya tsaya nan ya jira. Ko an bar shi ma jakinsa ba zai rayu a kurmi ba saboda tsando. Har wa yau, in sabon goro ya fito, 'yan kasuwar sarki ne ke fara sayar da nasu kafin a buɗe wa kowa. Kun ga shinge na farko ke nan, tun ba a ɗaura kayan komawa ba.

Hanyar tsohuwa ce. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi sarauta daga 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja. Amma cinikin bai yi kauri sosai ba sai bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804. Garuruwa suka cika, kasuwanni irin su Jega suka tashi, giya ta zama abin kunya, goro kuwa halal ne, ga shi yana kore barci da yunwa. Sai ya shiga ko'ina: ɗaurin aure, suna, gaisuwar malami, tarbar baƙo. Har yau in ka kawo labari mai daɗi goron albishir za ka nema, yara na bin gidaje karɓar goron salla, alhali kuɗi ne ake ba su.

Su wa ke wannan tafiya? Gidaje uku ne suka fi suna: Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari. Kambarin Barebari asalinsu Barno, suka zauna a Gummi ta ƙasar Zamfara. Agalawa da Tokarawa kuwa, ku saurara da kyau mutanen arewa, kakanninsu daga cikin Buzaye suka fito, daga ƙasashen da yau suke cikin Nijar. Suka gangaro suka zauna a ƙauyukan Katsina da Kano, irin su Bebeji da Madobi, suna noma da damina, da rani su ɗaura wa jakuna kaya, har suka zama Hausawa. Wato manyan attajiran da Najeriya ke taƙama da su a tarihin goro, jininsu ya ratsa iyakar nan tun ba a zana ta ba.

Ba hannu sake ake zuwa Gwanja ba. Ana ɗaukar baƙin turkuɗi da rigunan rini na Kano da Kura, da jar fata ta dukawa, da takalma, da tozali, da duwatsun wuya, da busasshen ganyen albasa wato gabu, da dawaki don sarakunan Dagomba da Gwanja. Uwa uba kanwa, wadda ake kawowa daga Barno da Mangari. Kuma ba a ajiye kayan nan sai Salaga ba, a'a. Ana saye ana sayarwa a kowace kasuwa ta kan hanya, abin da aka saya a Jega a karyar da shi a Jugu, a ƙara wani. Shi ya sa tafiyar ke cin wata shida, wani lokaci har shekara, zuwa da dawowa.

Hanyar ba ɗaya ba ce, amma kowacce dole ta ƙetare Kwara. Wasu su ƙetare a Yawuri ko Busa, wasu su hau arewa su ƙetare ta Ilo ko Gaya. Daga nan sai ƙasar Bargu, a bi ta Nikki ko Kandi a faɗa Jugu cikin Benin ta yau, a ratsa Togo, wasu ta Sansanin Mango, a sauka Yandi, sannan Salaga. Direbobinmu da ke bin Kandi da Jugu a yau, sawun jakunan nan kuke takawa.

Ba wanda ke shiga wannan hanya shi kaɗai, sai a ayari. A shekarar 1826 wani Bature ɗan Birtaniya mai suna Kilafaton ya gamu da ayarin Hausawa a Kayama ta ƙasar Bargu suna komowa daga Gwanja. Ya ƙiyasta mutum sama da 1,000, maza da mata, da dabbobin kaya kusan yawan haka: jakuna, alfadarai, takarkarai. Ku kwatanta wannan a ranku. Gari ne guda yake tafiya. Mata na dafa abinci suna sayarwa, wasu na ɗauke da kaya a ka. Ana tashi da asuba, a sauka kafin rana ta yi zafi ƙwarai don dabbobi su samu kiwo, a yanki ciyawa da rassa a kafa bukkoki. Matan Fulanin Bargu su kawo nono da man shanu, a yi musaya. Wannan masauki shi ne zango, kuma daga nan unguwannin Zango na Kumasi da Lome da Kwatano da Yamai suka samo sunansu.

Shugaban wannan gari mai tafiya shi ne madugu, uban tafiya. Ba sarauta ba ce da ake naɗawa a fada, mutane ne ke bin wanda suka yarda da shi. Sai wanda ya sha hanya, ya san rijiyoyi da mashigai, ya san wane sarki ne mai kwaɗayi, wane ne ke cika alkawari, kuma ana jin yana da sa'a da tsari. In madugu ya yi asarar ayari sau ɗaya, baɗi ba mai binsa. Yana da jagaba, wanda ke gaba yana duba hanya da wurin sauka. Yana da uban dawaki, wanda ke bi yana tara kuɗin da za a biya. Akwai malamin ayari mai rubuta wasiƙu da lissafi, shi ne kuma ke duba ranar tashi, ya ja salla. Akwai makaɗi, don da ganga ake sanar da tashi da sauka.

To yanzu mu zo kan kuɗi, inda maganar take. Kowane mashigin ruwa akwai fito, sarkin ruwa da masu jirage ba sa ƙetarar da kowa don Allah. Kowane gari mai sarki akwai kuɗin hanya a kan kowane kaya, ga gaisuwa ta dabam da za a kai fada: riga, ko turmi, ko ƙwaryar goro. Tsakanin Kwara da Salaga sarakuna ba su ƙirguwa da yatsun hannu, kowanne da bakinsa. In an yi gardama sai a hana ku tashi. Ayari ya yi kwana da kwanaki a bakin gari, abinci na ƙarewa, dabbobi na ramewa, goro na lalacewa, har madugu ya sauko. Wanda motarsa ta taɓa kwana bakwai a bakin iyaka da albasa ko tumatir a ciki, ba sai an fassara masa ba.

Wanda ya ce zai zaga ta daji ya kauce wa biya fa? Ƙasar Bargu ta yi suna da 'yan fashi masu kibiya mai dafi, kuma sau da yawa 'ya'yan sarauta ne da kansu ke jagorantarsu. Sarkin da ka ƙi biya da safe, yaransa ne za su tare ka da yamma.

Amma akwai bambanci guda da ni a ganina ya kamata mu riƙe, don shi ne gaskiyar da ke cikin maganar masu kewar da. A wancan zamani ba kowane mai jaki ne ke tsayawa gaban sarki yana roƙo shi kaɗai ba. Madugu ne ke shiga fada a madadin mutum dubu, ya yi ciniki sau ɗaya, a yanke, uban dawaki ya raba wa kowa gwargwadon kayansa. Kuma madugu yana da makami: in sarki ya cika tsada, baɗi ayari ya bi ta garin maƙwabcinsa, kasuwarsa ta mutu, matan garinsa su rasa masu sayen abinci. Sarakuna sun san haka, shi ya sa suke lallashin madugai, har su mayar musu da wani abu daga abin da aka tara. Wanda ya karɓi kuɗi kuma ana sa ran ya ba da rakiya ko ya nemo kayan da aka sace a ƙasarsa. Yau fa? Shinge goma tsakanin gari da gari, kowane direba da nasa cinikin ta taga, in an yi maka fashi bayan shingen da kilomita biyu ba wanda zai ce ya san ka. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na 'yan tike da ke saurarenmu, kujerar madugu ce kuke kai fa.

Ga kuma kayan da kansa, wanda ya fi jariri son kulawa. Goro ba ya son zafi, ba ya son iska, ba ya son ruwa ya yi masa yawa. Ana jera shi cikin ganyen fita a yi huhu, a sa a waga a ɗora wa jaki. Bayan 'yan kwanaki sai an kwance, a tsince wanda sankara ta kama don kada ya shafi sauran, a yayyafa ruwa, a sake ganye, a ɗaure. Haka za a yi ta yi wata biyu, wata uku. Ƙirgarsa da ƙwarya ne, ƙwarya ɗaya goro 100, kuma kowane iri da kuɗinsa: goriya da marsa manya, minu ƙanana, ga fari ga ja. Me ya sa mutum zai sha wannan wahala? Bajamushen nan Bart, wanda ya zo Kano a 1851 yana kiran kansa Abdulkarim, ya rubuta cewa kayan jaki ɗaya in ya iso lafiya ana sayar da shi wajen wuri 200,000, wato keso goma, kuma abin da ke shiga Kano a shekara ya haura kayan jaki 500. Tafiya ɗaya mai albarka tana iya mayar da yaron madugu mai jakunan kansa. Tafiya ɗaya mai tsautsayi kuma ta mayar da mai gida ɗan dako.

A Salaga bafatake ba ya kwana a kasuwa. Yana da mai gida, wanda zai sauke shi, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye ta hannun dillali, a fitar da la'ada. In an ba da bashi, mai gida ne ke tsayawa. Ba kotu, ba takardar banki, sunansa ne jinginarsa. Garin kuwa ga ƙarancin ruwa, har ana yi masa kirari da yawan rijiyoyi, baƙo sai ya sayi ruwan sha.

Akwai abin da ba za mu tsallake ba ko da ba daɗin ji. Salaga babbar kasuwar bayi ce. Cikin abin da ake musayar goro da shi har da mutane, kuma da yawa daga masu ɗaukar kaya a ayari bayi ne, ba ladan komai. A shekarun 1880 mayaƙan Zabarmawa ƙarƙashin Babatu sun yi ta kai hari ƙasar Gurunsi suna kawo kamammu kasuwar. Duk wanda zai yi taƙama da arzikin Gwanja, ya haɗa da wannan a lissafi.

Sai hanya ta fara mutuwa. A 1874 sojan Ingila suka shiga Kumasi suka ƙone ta. Mutanen Gwanja suka ga Tonawa sun yi rauni, suka yi musu tawaye, suka kashe wakilansu da ke Salaga. Tonawa suka rama da abin da ya fi zafi: suka hana goro zuwa Salaga, suka karkata shi Kintamfo. Ka yi tafiyar wata uku ka iso ka tarar kasuwa ba kaya! Fatake ba su zauna kuka ba, suka bi goro inda ya koma. Bango ya riga ya tsage. A 1892 yaƙin basasa ya tashi tsakanin masu sarautar ƙasar, aka watsa Salaga, baƙi suka bazu zuwa Kete Karachi, Yeji, Kintamfo, wasu har bakin teku. Cikin waɗanda suka bar garin akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano a 1858, wanda ya taso yana bin fatauci da karatu tare. Ya zauna Kete Karachi ya zama limami har rasuwarsa a 1934, kuma rubuce-rubucensa na ajami suna cikin abin da ya sa muka san yadda talakawan Hausa suka rayu a wancan zamani.

Turawa da suka zo suka yanka hanyar gida uku: Ingila, Faransa da Jamus, kowa da tutarsa da ma'aikatan kuɗin fito. Gwamna Lugga ma da ya ci Arewa bai soke kuɗin ayari ba, cewa ya yi a biya gwamnati: kashi 5 cikin 100 na kimar kaya a kowane lardi da aka ratsa, har zuwa kashi 15. Sai a 1907 aka soke shi. Amma abin da ya kashe ayarin Gwanja ba haraji ba ne, jirgi ne. Na ruwa ya fara ɗaukar goro daga gaɓar Gana zuwa Ikko, na ƙasa kuma ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Tafiyar wata uku ta koma ta 'yan kwanaki. Jaki ina zai kama?

A nan ne labarin Alhassan Ɗantata ya shigo. Ba'agale ne, an haife shi a Bebeji a 1877, mahaifinsa Abdullahi madugu ne. Uban ya rasu yana yaro, uwar ta koma Akkara, wadda tsofaffi ke kira Ankara, aka bar shi hannun wata tsohuwa mai suna Tata, daga nan sunan ya samo asali. Ya bi hanyar Gwanja da ƙafa kamar iyayensa, amma yana cikin na farko da suka gane cewa teku ta fi jaki sauri, ya riƙa loda goro a jirgin ruwa zuwa Ikko. Da jirgin ƙasa ya iso Kano, Turawa auduga suka sa rai za a yi ta fitarwa. Manoman Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa. Kamfanonin Turawa ba su san ƙauyuka ba, ba su san wa za a ba bashi ya dawo da shi ba. Wa ya sani? Tsofaffin fataken goro, irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo da shi Ɗantata. Yaran da da ake aikawa Gwanja, su aka watsa ƙauyuka da kuɗi da gishiri da tufafi tun kafin kaka, a dawo da gyaɗa. Ana ba da labarin cewa da aka buɗe banki a Kano a 1929, raƙuma 20 ne suka kai masa kuɗin azurfarsa ajiya. Ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Motocin siminti na Dangote da kuke gani suna ƙetare iyaka, mai su tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa.

Ba kowa ne ya zama Ɗantata ba, kada mu ruɗi kanmu. Madugai da yawa sun tsufa da jakunansu ba mai bi, garuruwan da ke ci da saukar ayari suka koma ƙauyuka. Goron ma kansa ya yi ƙaura: manoman Yarabawa suka dasa irin na Gwanja a wajen Agege da Shagamu da Ijebu, har ya zama yawancin goron da ake ci a ƙasar Hausa daga can yake zuwa. Hausawa suka bi shi, suka kafa unguwannin Sabo, na Ibadan a 1916. Malam makiyayi, nan ne naka ya shigo sosai. Shanu su gangara kudu, goro ya hau arewa, kuma tsarin bai sake ba: mai shanu ya sauka gidan mai gida, dillali ya haɗa shi da mahauci, a ba da shanu bashi a kan amanar mai gidan, a fitar da la'ada. In ka taɓa kai dabba kara a kudu, tsarin Salaga ka tarar.

Mu ma a zamaninmu mun ga toshewar hanya. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024, gadar Gaya da Malanbil kuwa ta ci gaba da zama a toshe. Me mutane suka yi? Suka koma kwalekwale, suna biyan fito a kogin da kakanninsu suka biya. Manyan motoci kuma suka karkata ta Lome da Burkina Faso, su taru ɗaruruwa a jira rakiyar soja, a tashi tare a bi ta Dori zuwa Tera. Direbobin da suka bi wannan hanya sun san kwana nawa suka yi a kowane zango, da abin da ya fita daga aljihunsu kafin su ga Yamai.

Wanda kakansa ya taɓa zuwa Gwanja, ko gidansu akwai tsohuwar waga ko wasiƙar ajami da aka gada, ya aiko mana da saƙo ta hannun wakilinmu na kasuwarku, za mu karanta a fili. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu bi ayarin gishiri daga Bilma. A huta lafiya.